Sharhi: Doguwar Hanyar Zama Masanin Halayyar Yara da Matasa a Asibiti

Sharhin yau ya duƙufa ne a kan wata sana'a da ba kasafai ɗalibi yake ambatonta ba idan aka tambaye shi abin da yake burin zama, wato aikin masanin halayyar ɗan'adam da ya ƙware wajen duba yara da matasa a asibiti, da kuma irin horon da yake sha kafin a damƙa masa ɗan wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane bakwai daga masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kimanin rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne tun mutum bai wuce shekara 14 ba, alhali mafi yawansu ba a gano su da wuri, balle a yi musu magani. Nauyi mai wannan girma ya isa dalilin da za a tambayi su wane ne ake horarwa domin ɗaukarsa, da yadda ake horar da su a ƙasashen da sana'ar ta daɗe da kafuwa, musamman Amurka da Birtaniya.

Da farko ya kamata a bambance ma'aikata biyu da jama'a kan ɗauke su abu guda. Likitan ƙwaƙwalwa mutum ne da ya yi karatun likitanci gaba ɗayansa, sannan ya ƙware a kan cututtukan da ke taɓa hankali, kuma shi ne ke da hurumin rubuta magani. Masanin halayya na asibiti kuwa bai bi ta makarantar likitanci ba, domin iliminsa ya ginu ne a kan nazarin tunani da ɗabi'a da yadda ɗan'adam yake girma yana koyo, kayan aikinsa kuma su ne tattaunawa, da gwaje-gwajen auna fahimta, da hanyoyin jinya waɗanda ba su dogara da ƙwaya ko allura ba. A Amurka jihohi ƙalilan ne suka yarda ya rubuta magani bayan ya yi ƙarin karatu a kan ilimin magunguna, inda New Mexico ta fara a 2002, Louisiana ta bi sahu a 2004, amma a mafi yawan duniya ma'aikatan biyu suna aiki ne kafaɗa da kafaɗa, kowa da iyakarsa.

Tarihi ya nuna cewa da yaro wannan fanni ya soma. A shekarar 1896 wata malamar makaranta a birnin Philadelphia ta kai wa Lightner Witmer, malami a Jami'ar Pennsylvania, batun wani ɗalibinta ɗan shekara 14 da ya kasa haɗa baƙaƙe ya rubuta kalma daidai, kuma da aka bincika sai aka tarar yana da matsalar gani wadda sai da aka kula da ita sannan koyarwa ta fara kama shi. Daga nan Witmer ya buɗe wurin da ake ɗauka a matsayin asibitin nazarin halayya na farko a duniya. A Faransa kuma, Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajin auna fahimta a 1905 domin a gane 'yan makarantar da ke buƙatar kulawa ta musamman, sannan a 1909 William Healy ya kafa wata cibiya a Chicago domin nazarin yaran da ake gurfanarwa a kotun ƙananan yara. Daga wannan tushe ne aka gaji tsarin da har yau ake bi, na haɗa likita da masanin halayya da ma'aikacin walwalar jama'a a kan matsalar yaro guda.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa duba yaro yake buƙatar horo dabam da na duba babba, kuma amsar tana da rassa. Babba shi ke kai kansa asibiti ya faɗi abin da ke damunsa, amma yaro kawo shi ake yi, kuma sau da yawa ƙorafin da aka zo da shi na uwa ne ko na uba ko na malami, ta yadda abin da ya dami mai kawowa zai iya zama dabam da abin da ke cin yaron a rai. Ɗan shekara biyar ba shi da kalmomin da zai ce yana cikin fargaba, sai dai ya ce cikinsa na ciwo duk safiyar da za a tafi makaranta, matashin da ciwon damuwa ya kama kuma yakan bayyana ne da saurin fushi da tsiwa, har a yi masa hukuncin rashin tarbiyya alhali jinya yake buƙata. Bayan haka, abin da yake lafiya a wata shekara larura ne a wata: fitsarin kwance ba a lissafa shi matsala sai yaro ya kai shekara biyar, kuma kukan rabuwa da uwa da ya dace da ɗan shekara biyu abin bincike ne idan ya hana ɗan shekara goma zaman aji. Saboda haka wanda bai san matakan girman yaro lafiyayye daki-daki ba, ba zai iya gane inda aka kauce ba, kuma kuskurensa yana iya faɗawa ta kowane ɓangare, ko dai ya liƙa wa lafiyayyen yaro sunan cuta ya bi shi da shi har girma, ko kuma ya sallami mai larura da cewa ƙuruciya ce za ta wuce.

A Amurka hanyar takan ɗauki shekara goma ko fiye bayan sakandare. Ɗalibi yana yin digirin farko na shekara huɗu, sannan ya nemi gurbin digirin digirgir wanda kan ci shekara biyar zuwa bakwai. Wani taro da aka yi a garin Boulder na jihar Colorado a 1949 shi ya aza tsarin da ke neman ɗalibi ya zama mai bincike kuma mai jinya a lokaci guda, bisa hujjar cewa wanda bai iya auna ingancin hujja ba zai riƙa yi wa mutane abin da ya ji ana yayi. Wani taron a garin Vail a 1973 ya amince da hanya ta biyu wadda ta fi karkata ga aikin jinya, ta rage nauyin bincike. A duk hanyoyin biyu ɗalibi yana karanta ilimin girman yaro, da aikin ƙwaƙwalwa, da ƙididdiga, da ƙa'idojin sana'a, kuma tun a shekarun farko ake fara tura shi asibitoci da makarantu yana ganin yara.

A nan ne zuciyar horon take, kuma a nan ne ya kamata mai sauraro ya tsaya. Duk yaron da ɗalibi ya gani, akwai ƙwararre mai lasisi da ke tsaye a bayansa, wanda alhakin yaron yake wuyansa a gaban doka. Ana ɗaukar zaman jinya a bidiyo da izinin iyaye, ko kuma malamin ya zauna a bayan wani gilashi da ake gani ta fuska ɗaya yana kallo, daga baya su zauna su bi zaman dalla-dalla: me ya sa aka yi wannan tambaya a wannan gaɓa, me ya sa aka katse uwa tana magana, me aka fahimta da yaron ya yi shiru lokacin da aka ambaci kawunsa. Ƙa'idar Ƙungiyar Masana Halayya ta Amurka ta tanadi cewa a shekarar horon aiki ta ƙarshe, wadda ɗalibi ke yi cikakkiya a asibiti, sai an ba shi aƙalla awa huɗu na irin wannan sa ido a kowane mako, biyu daga ciki shi kaɗai da malaminsa. Lamarin ya yi kama da na ɗan koyon ɗori, wanda ba a sakar masa karayar yaro sai ubangidansa ya daɗe yana kallon hannunsa ya tabbatar ya faɗa. Littafi yana iya koya wa ɗalibi alamomin larura, amma ba ya nuna masa lokacin da tausayinsa ga yaro ya sa ya fara ƙin uban yaron, ko lokacin da tsoron ɓata wa iyaye rai ya hana shi yin tambayar da ta zama dole, kuma irin waɗannan kurakurai sai idon wani ke ganinsu.

Bayan digiri, yawancin jihohi suna neman ƙarin aiki na kimanin shekara guda a ƙarƙashin sa ido, da cin jarrabawar ƙasa mai tambaya 225, kafin a ba da lasisi, kuma tun 1998 aka amince da duba yara a matsayin reshe mai zaman kansa a cikin sana'ar. A Birtaniya tsarin ya ɗan fi gajarta: digirin farko da ƙungiyar masana halayya ta ƙasar ta amince da shi, sai aiki a matsayin mataimaki, sannan digirin digirgir na shekara uku wanda hukumar lafiya ta ƙasa ke ɗaukar nauyinsa tana kuma biyan ɗalibi albashi, tare da zagayawa sassa dabam-dabam ciki har da na yara da iyali. Gurabun kaɗan ne, masu nema kuma da yawa, har wasu kan shafe shekaru suna sake nema. Bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu darasi ne a kansa, domin ɗalibin Birtaniya yana fitowa ne ya shiga aikin gwamnati, yayin da da yawa daga takwarorinsa na Amurka, musamman waɗanda suka bi hanya ta biyu, ke fitowa da bashin karatu mai nauyi wanda kan tura su wuraren da ake biya da tsoka, nesa da yaran talakawa.

Rabin aikin yau da kullum bincike ne. Masani yana zama da iyaye ya ɗauki tarihin yaro tun daga goyon ciki da haihuwa, ya tambayi lokacin da ya fara zama da tafiya da magana, ya nemi rahoton malamai, wani lokaci ya je ajin da kansa ya zauna a baya, domin gani ya kori ji. Larurar rashin natsuwa da ƙiriniya mai wuce kima, alal misali, ba a tabbatar da ita sai alamominta sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma sun soma kafin shekara 12. Sai masani ya tabbatar likita ya duba ji da gani da yiwuwar farfaɗiya, kamar yadda labarin yaron Witmer ya koyar. Daga nan yake amfani da gwaje-gwaje irin wanda David Wechsler ya fitar a 1949 domin auna fahimtar yara, wanda sabon bugunsa ke aiki ga masu shekara 6 zuwa 16, ko takardar tambayoyi 25 da Robert Goodman ya tsara a 1997 domin tantance ƙarfi da raunin ɗabi'ar yaro.

Sai dai gwaji ba ya magana da kansa. Makin da yaro ya samu yana da ma'ana ne kawai idan aka kwatanta shi da na tsaransa da suka tashi cikin harshe da makaranta irin nasa, don haka gwajin da aka daidaita a kan yaran Amurka, idan aka yi wa yaron da ya taso da Hausa ya yi karatun allo, ba basirarsa zai auna ba, zai auna nisansa ne da Turanci da al'adar masu gwajin. Haka nan rashin haɗa ido yana cikin alamomin da ake dubawa a larurar otizim, wato larurar da ke shafar mu'amala da magana tun ƙuruciya, wadda Leo Kanner ya siffanta a 1943, amma a ƙasar Hausa sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne da ake koya wa yaro. Uwar da ke kawaici ga ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa ba ta wasa da shi a gaban mutane, baƙon masani zai iya rubuta cewa ba ta da shaƙuwa da shi. Ga kuma al'adar riƙo, wadda ke sa mai sanin yaro da gaske ta zama kaka ko goggo, ba wadda ta haife shi ba. Abin sha'awa shi ne Mary Ainsworth, wadda aikinta ya zama ginshiƙi a nazarin shaƙuwar jariri da mai renonsa, a Uganda ta fara lura da uwaye da jariransu a shekarun 1950, wanda ke nuna cewa ilimin ya ƙaru da Afirka tun farko, kuma bai kamata ya dawo mata a matsayin kaya rufaffe da ba a taɓawa ba.

Ɗaya rabin aikin shi ne jinya, kuma a nan ma abin da ake koyarwa yana da tushe a bincike. A 1924 Mary Cover Jones ta nuna cewa ana iya cire wa yaro tsoro ta hanyar kusanto masa da abin tsoron sannu a hankali, inda ta riƙa matso da zomo kusa da wani ƙaramin yaro yayin da yake cin abincin da yake so, har ya daina firgita. Wannan dabara tana nan a cikin jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ke koya wa yaro gane tunanin da ke haifar masa da fargaba da fuskantar abin da yake gudu mataki-mataki. Ga ƙananan yara masu taurin kai kuwa, mafi yawan aikin da iyaye ake yinsa. A hanyar da Sheila Eyberg ta tsara a shekarun 1970 domin masu shekara 2 zuwa 7, uwa tana wasa da ɗanta a ɗaki, masani yana bayan gilashi yana yi mata jagora ta wata 'yar na'ura a kunne, yana nuna mata lokacin yabo da yadda ake ba da umarni guda bayyananne a tsaya a kansa ba tare da duka ba. Saboda haka wanda ya zaɓi sana'ar don yana son yara kawai zai tarar cewa yawancin ranarsa da manya yake yinta, yana lallashin uban da ke jin an zo a koya masa tarbiyya, ko malamin da ke da ɗalibai fiye da ƙarfinsa.

Akwai kuma nauyin amana. Iyaye ne ke ba da izinin jinya, amma ana neman yardar yaron gwargwadon hankalinsa, kuma matashi ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata ba za a kwashe zancensa a kai gida ba. Masani yana bayyana wa kowa tun zaman farko cewa zai riƙe sirri, sai dai idan ya ga rai na cikin haɗari ko ana cutar da yaron, inda a Amurka doka ta wajabta masa kai rahoto ga hukuma. Yanke shawara a irin wannan gaɓa, musamman idan wanda ake zargi ɗan gida ne, yana cikin mafi wuyar abin da ke cikin aikin, kuma yawan sauraron labaran fyaɗe da duka da mutuwa yana taɓa mai sauraron kansa, shi ya sa ko bayan samun lasisi ƙwararru ke ci gaba da kai aikinsu gaban abokan sana'a. Wuraren aiki suna da yawa, daga asibitocin yara inda ake taimakon masu doguwar jinya irin sikila da ciwon suga su jure magani, zuwa makarantu da kotuna da jami'o'i, amma ko a Amurka ma'aikatan ba su wadatar ba, har ta kai manyan ƙungiyoyin likitocin yara na ƙasar suka ayyana lafiyar ƙwaƙwalwar yara a matsayin lamarin gaggawa na ƙasa a watan Oktoban 2021.

Idan haka abin yake a can, halin Najeriya, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 18 ba, ya fi neman a dube shi. An samu ci gaba na gaske: a 2011 aka kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olayinka Omigbodun, da tallafin Gidauniyar MacArthur, tana horar da ma'aikatan lafiya daga ƙasashen Afirka a matakin digiri na biyu, sannan a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. A arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau. Amma giɓin da ya rage ya bayyana ƙarara a watan Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300, da yawansu yara da matasa, daga wani gidan gyaran tarbiyya a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje mafi yawansu mafita suke nema ga ɗan da ya gagare su, kuma babu wata ƙofa da suka sani sai wannan. Ga kuma yaran da rikicin arewa maso gabas da ta'addancin 'yan bindiga a arewa maso yamma suka raba da gidajensu, waɗanda suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba.

Ba mai hankalin da zai ce a jira sai an yaye dubban masu digirin digirgir kafin a taimaki waɗannan yara. Binciken da aka yi a Zambiya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya nuna cewa mutanen gari da ba ƙwararru ba suna iya gudanar da jinyar firgicin bayan bala'i ga yara, a kuma ga sauƙi, amma a duk waɗannan wurare an horar da su ne aka kuma ci gaba da sa ido a kan aikinsu. Ma'anar wannan ita ce ƙarancin ƙwararru yana ƙara wa horonsu muhimmanci, domin kowane ɗaya zai zama malamin wasu da dama, kuma bitar kwana uku a otal ba ta mayar da kowa mai jinyar yara.

Don haka kira yana kan jami'o'in arewa da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, su haɗa hannu su samar da gurabun horon aiki masu albashi a sashen yara, da malaman da aka ware wa lokacin sa ido, su kuma ɗauki nauyin daidaita gwaje-gwaje a kan yaran da Hausa ce harshensu. Gwamnatocin jihohi su buɗe guraben aiki ga waɗanda aka horar, don kada su ƙare a wasu ƙasashe. Iyaye kuma, duk wanda za su miƙa wa ɗansu da sunan masanin halayya, haƙƙinsu ne su tambaye shi inda ya yi karatu, da asibitin da ya yi horon aiki, da wanda ya sa ido a kan aikinsa da yara.